Tsohuwar motar Amurka mai sitiyari a dama: a bar ta, a juya ta, ko a nemi wata?

Bayan an gama rabon gado a gidan wani abokina da ke Runjin Sambo a Sakkwato, abu ɗaya ya rage da aka rasa yadda za a yi da shi: motar da ke kulle a garejin baya. Chevrolet Impala ce ƙirar 1965, tayoyinta huɗu duk sun kwanta, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta yi mata mayafi, sitiyarinta kuma a hannun dama yake. 'Yan'uwa suka yarda a yi mata kuɗi a sa a kasonsa, tunda kowa ya san shi da son ƙarfe. Kafin mako ya zagayo ya sha shawara har ta ishe shi. Wani ya ce kada ya kuskura ya taɓa ko da noti ɗaya. Wani ya ce ya kai a mayar da sitiyarin hagu ya riƙa zuwa masallacin Juma'a da ita. Wani ya ce ya sayar, in dai tsohuwar motar Amurka yake so ya nemi wadda tun asali sitiyarinta a hagu yake. Na huɗu kuwa cewa ya yi a cire injin a dasa na Toyota kowa ya huta.

Duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa wata buƙata daban yake amsawa. Shi ya sa na ga gara a baje su a faifai, ko don mai irin wannan mota a gida, ko don wanda aka kawo wa tallar irinta yana ta jujjuya abin a ransa.

Ta yaya motar Amurka ta samu sitiyari a dama?

Har zuwa ranar 2 ga Afrilun 1972, a gefen hagu na titi ake tuƙi a Najeriya, kamar yadda Turawan Ingila suka bar mana, don haka motocin da aka shigo da su kafin nan galibinsu sitiyarin dama gare su. Kamfanonin Amurka ba su bar wannan kasuwa ta wuce su ba. General Motors yana ƙera Chevrolet da Pontiac masu sitiyarin dama a masana'antarsa ta Oshawa da ke Kanada, wasu a tura su a haɗe, wasu a cikin akwatuna a je a harhaɗa su a Ostireliya ko a Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu. Ford ya yi irin haka da Galaxie, Chrysler da Valiant, American Motors da Rambler. Mustang kuwa, wadda ta fito a 1964, ba a ƙera ta da sitiyarin dama daga masana'anta ba sai a 2015. Saboda haka in aka nuna maka Mustang ta 1967 mai sitiyari a dama, wani ne ya juya ta bayan ta bar masana'anta, kuma aikin hannunsa kake shirin saya, mai kyau ne ko maras kyau.

Tun kafin a kai ga lissafin kuɗi, gano wace iri ce taka. Duba farantin lambar da ke jikin bodi ka ga inda aka ƙera ta. Buɗe bonet ka ga ko akwatin sitiyari na ɗaure a ƙafar shasi ta dama a mazauninsa na asali, ko kuwa an yi masa wani ƙarfe da walda. Dubi bangon da ya raba ɗakin inji da na fasinja: in akwai alamar faci a hagu, an taɓa juya ta. Sannan ka kwanta ka leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. Akwai masu juyin da suke barin akwatin sitiyari a hagu, su haɗa shi da sitiyarin dama ta hanyar sarƙa ko doguwar sanda. In ka ga haka, motarka 'yar hagu ce aka yi wa kwaskwarima, kuma rabin shawarar ta yanke kanta.

Maganar shigo da wata daga Ingila ko Afirka ta Kudu kuwa, ba zan ɓata lokacinka a kanta ba. Jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su ya haɗa da motocin da suka wuce shekara 12 da ƙerawa, bayan an daɗe ana amfani da iyakar shekara 15. Tun daga 1 ga Janairun 2017 kuma gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya shafi Illela. Wanda ya ce maka zai tsallako da ita ta Birnin Ƙonni ya kawo maka har ƙofar gida, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ma'aunan da za a yi awo da su

Na farko doka ce, kuma ita ce ke gaba da komai. Dokokin hanya na ƙasa sun hana yi wa mota mai sitiyarin dama rajista ko tuƙa ta a titin jama'a, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha nanata wannan. Tsufan mota ko kasancewarta gadon uba ba ya sa jami'in da ya tsare ka a kan hanyar Gusau ya ɗauke kai.

Na biyu kuɗi: na tayar da motar, da kuma na ciyar da ita kullum. Ba zan rubuta adadi da naira ba, domin kusan duk kayan da dala ake sayensu, kuma adadin wannan wata ba shi ne na watan gobe ba. Abin da ba ya canzawa shi ne wane zaɓi ya fi wane tsada, da kuma inda kuɗin ke zurarewa.

Na uku samun kayan gyara da bakaniken da ya san hannunta. Na huɗu juriya ga rana da ƙurar Sakkwato. Na biyar haɗari ga rai. Na ƙarshe daraja, wato abin da motar za ta kai in wata rana aka so sayarwa, da kuma abin da take nufi ga iyali, wanda ba shi da farashi amma yana da nauyi.

Wahalar da ba ruwanta da gefen sitiyari

Akwai abin da ko wane zaɓi ka ɗauka sai ka biya, kuma yawancin masu ba da shawara ba sa ambatonsa.

Zafi ne kan gaba. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a nan yana haura 40, kuma injin V8, wato mai silinda takwas, mai girman lita 4.6 ko 5.4 irin na Impala ta 1965 murhu ne mai tafiya. Lagireton da ya yi shekara hamsin ana zuba masa ruwan rijiya ya toshe daga ciki, ko da waje yana sheƙi. A sake masa ciki ko a sayi sabo mai layi uku ko huɗu, a sa ruwan sanyaya inji na gaske, a ƙara fanka ta lantarki. Kada ka yarda a cire tamostat a jefar, abin da aka saba yi a garejojinmu da sunan maganin zafi. Akwai kuma ciwon da 'yan zamani ba su sani ba: motar mai kafireta ce, famfon manta a jikin inji yake, in zafi ya yi yawa sai fetur ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, mota ta mutu a tsakiyar gosulo, ta ƙi tashi sai ta huce. Wani dattijon bakanike da muka kai wa maganar ya taƙaita ta: "Alhaji, wagga mota in ta ji rana sai ta nemi inuwa, kamar raƙumin da anka yi wa kaya." Maganinsa nisanta bututun mai daga salansa, a naɗe shi, ko a ƙara famfon lantarki kusa da tanki.

Sai birki. Motocin Chevrolet kafin ƙirar 1967 layin man birki ɗaya gare su, wato in bututu ɗaya ya fashe, ƙafa huɗun duk sun tafi lokaci guda. Amurka ta wajabta layi biyu daga 1968. Motar da ta haura tan ɗaya da rabi, mai birkin ganga gaba da baya, a cikin garin da 'yan kabu-kabu ke ɓullowa ta kowace kusurwa, bai kamata ta fita da tsarin 1965 ba. Wannan gyara ba na ado ba ne.

Fetur: tankinta galan 20 ne na Amurka, kusan lita 76, kuma irin waɗannan injuna kan sha tsakanin lita 15 zuwa 20 a kilomita 100. Zuwa Illela da dawowa, kimanin kilomita 170, lita talatin ke nan ko kusa da haka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya daina zama abin dariya. Ƙari a kan haka, an ƙera injin ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa tuntuni, kuma dalmar ce ke kare mazaunin bawul daga ci. Mai yawo cikin gari a hankali zai daɗe bai ga illa ba. Mai doguwar tafiya da gudu ya sa a dasa mazauni mai tauri ranar da aka buɗe kan inji.

Wani ƙaramin abu mai ɓata babban aiki: notinan motar da awon inci aka yi su, ba milimita ba. Sifana 13 tana kusa da rabin inci, 14 tana kusa da 9/16, amma kusa ba daidai ba ne, kuma da wannan kusan ake gwiguye kan noti har ya zama sai an yanke. Sayi akwatin sifanu na inci ka ajiye a but, duk garejin da ka je ka miƙa musu.

Abin da Sakkwato ta ba ka kyauta shi ne bushewa. Motar da ta kwana shekara talatin a Legas ko Fatakwal tsatsa ta cinye ƙasanta, amma tamu sau da yawa shasinta garau yake. Abin da rana da hunturu ke ci shi ne roba: tiyo, bel, robar gilashi, kujeru, rufin wayoyi. Abin da suka rage kuma ɓeraye su ƙarasa.

Zaɓi na farko: a bar ta yadda take

Ta fuskar doka wannan mota ce ta cikin gida. Za ka iya tayar da ita, ka wanke, ka zagaya harabar gida ko gona, ka ɗora ta a kan babbar mota ka kai ta wurin biki ko baje koli. Titi kuwa ba nata ba ne.

Kuɗin farko shi ne mafi sauƙi a cikin huɗun, tunda tayarwa kawai za a yi: tanki, kafireta, birki, lagireto, batir, taya. Na kullum ma kaɗan ne don ba ta shan mai. Amma motar da ba ta tafiya tana da nata ciwon. Taya na kwanciya gefe ɗaya, fetur na ruɓewa a kafireta, robobin birki na bushewa. Dole a tayar da ita kowane mako har ta yi zafi sosai, a motsa ta gaba da baya.

Kayan gyara a nan kashi biyu ne. Inji, giya, birki, shokozoba, gilashi, duk ɗaya suke da na 'yar hagu, kuma suna nan birjik. A shekarar 1965 kaɗai an sayar da Impala fiye da miliyan ɗaya a Amurka, shi ya sa har yau kamfanoni irin su Classic Industries da Summit Racing ke sayar da kayanta sababbi. Kashi na biyu shi ne na gefen dama zalla: akwatin sitiyari, hannayen da ke haɗa shi da tayarod, dashbod, mazaunin feda, sandunan giya. Waɗannan kaɗan aka ƙera, sai dai ka yi ta farauta a wurin masu tsofaffin motoci a Ostireliya, Niyu Zilan ko Afirka ta Kudu. In akwatin sitiyarin ya tsage, kana iya shekara kana nema. Sa'ar ita ce motar da ba ta fita ba ta cinye waɗannan kaya.

Haɗari babu, muddin ta tsaya a gida. In kuma zuciya ta ɗebe ka ka fita da ita, ka tuna inda kake zaune: can gefen titi, nesa da layin tsakiya. A bayan tirelar siminti daga Kalambaina ko motar albasa, kafin ka hango abin da ke tahowa sai ka fitar da kusan duk faɗin motar, mita biyu, cikin hannun masu zuwa. Fitilunta ma an saita su ne su karkata hagu, wato cikin idon mai tahowa.

Daraja kuwa nan ce ta fi ko'ina. 'Yar dama ta asali daga Oshawa, da takardunta da tsohuwar lambarta, shaida ce ta zamanin da ya wuce, kuma duk juyin da aka yi mata ba ya komawa.

Zaɓi na biyu: a mayar da sitiyarin hagu

A nan zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure ta ɓangarori biyu.

Mun saba jin cewa juya sitiyari haɗari ne, kuma ga motocin Japan da ake yankewa a bakin hanya gaskiya ne. Amma motar Amurka daban take ta wani gefe: asalin zanenta na hagu ne, na dama shi ne baƙo. Mayar da Impala hagu komawa gida ne. Duk abin da ake buƙata an ƙera shi da yawa, an san lambarsa, ana samunsa sabo ko na hannu. Ba sai an ƙirƙiri komai ba.

Sai dai aikin ba na sitiyari kaɗai ba ne. Ga abin da zai motsa: akwatin sitiyari da duk hannayensa, sandar sitiyari, feda da mazauninsu, tukunyar man birki da bututunta, wayar totur, birkin hannu, sandunan giya in a jikin sitiyari giyar take, wayoyin lantarki na bayan dashbod, fitilun gaba, madubi, sai kuma dashbod ɗin kansa, wanda ƙarfe ne haɗe da bodi. Nan ne kuɗi da gwaninta suke. Hanya mafi tsabta ita ce a samo mataccen bodi na irin motar mai sitiyarin hagu a kwashe komai daga jikinsa. In babu, a yi odar kayan daga Amurka, su sauka Apapa ko Tin Can, a biya kwastan, a ɗauko su zuwa Sakkwato. Ka sa wa ranka watanni, ba makonni ba.

Kuskure na farko shi ne tsoron aikin gaba ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne ba da shi ga wanda zai ce maka kwana uku ya gama. Yadda yake gamawa shi ne ya yanke hannun sitiyari ya juya shi ya yi walda, ko ya gasa tayarod da wuta ya lanƙwasa, ko ya ɗauko akwatin wata mota ya ƙera masa mazauni da ido. Ƙarfen sitiyari ba a yi masa walda. Wanda aka gasa ya rasa ƙarfinsa, kuma ba ya gaya maka ranar da zai karye. Ko bai karye ba, in kusurwar hannayen ta kauce, duk ramin da ka faɗa motar za ta fizge gefe, taya kuma ta cinye cikin wata biyu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙa'idar da zan ba ka ɗaya ce: daga sitiyari zuwa taya, kowane ƙarfe ya zama wanda aka ƙera wa wannan mota, a ɗaure shi da noti a mazauninsa. Walda ta tsaya a dashbod da bango. Bakaniken da ya ce wannan tsanani ne, ka yi masa godiya ka ɗauki makullinka.

Bakanike nagari ga wannan aiki yawanci dattijo ne da ya yi zamani da kafireta da kwantak, wato tsohon tsarin ba filogi wuta, tare da fanabita mai haƙuri da mai wayarin da ke iya bin zane. Da wuya ka same su a gareji ɗaya. Wasu kan kai aikin Kano ko Kaduna saboda kusanci da kasuwannin kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka, amma ko a can ka tsaya a kan aikinka ko ka sa wanda zai tsaya.

Bayan an gama, a kai ta wurin jami'an VIO su duba, a gyara takardu, a yi inshora. Daga nan mota ce kamar kowace, ta fuskar doka. Kuɗin farko ya yi yawa, amma daga baya kayan gyaranta sun fi na da sauƙin samu, tunda ta bar layin 'yan ƙalilan ta shiga na miliyan. Abin da ka rasa shi ne asali. Shawarata, kada ka sayar da kayan daman da aka cire, ka shafa musu girisi ka ajiye a akwati. Mai saye na gaba zai tambaye su.

Zaɓi na uku: a nemi 'yar hagu tun asali

Wannan shi ne mafi ƙarancin ciwon kai. Bayan 1972 motocin Amurka da suka shigo masu sitiyarin hagu ne, kuma akwai su a ɓoye a gidaje a manyan garuruwan Arewa. Babu juyi, babu rigima da doka in takardun kwastan da na rajista sun cika, kayan gyara duk na layin da ya fi yawa ne. Zafi da mai da birki dai suna nan.

Haɗarinsa a wurin saye yake: bodin da aka cike da foti aka fesa fenti, lambar shasin da ba ta dace da takarda ba, ko motar gadon da wani magaji ya sayar ba da sanin sauran ba. Tafi da maganaɗisu ka bi jikin bodin, inda ya ƙi kamawa foti ne. In kuma ba dole sai ta shekarun 1960 ba, Jeep Cherokee da aka ƙera daga 1987 zuwa 2001, mai injin lita 4.0 silinda shida a jere, ta fi kowace Impala dacewa da hanyoyinmu na ƙauye, kuma makanikai da yawa sun san ta. Sai dai ba ita ce Baba ya hau ba, kuma ga wasu wannan kaɗai ya rushe zaɓin.

Zaɓi na huɗu: a canza inji

Wannan ba ya warware maganar sitiyari ko kaɗan, don haka ƙari ne a kan juyi, ba madadinsa ba. Amfaninsa a fili yake: injin Toyota mai injekta yana tashi da safe ba lallashi, ya fi sauƙin mai, kuma kowane gareji a garin nan ya san shi. Amma sai an ƙera masa mazauni, a daidaita giya da farfela, a ja sababbin wayoyi, a gyara lambar inji a takarda, kuma darajar motar a wurin masu son asali ta faɗi warwas.

Ni dai ban cika son wannan ba, kuma dalilina ba na soyayya ba ne kawai. Injin V8 na Chevrolet da ya fara fitowa a 1955 yana cikin injunan da suka fi sauƙin gyara a duniya, an ƙera miliyoyinsa, kayansa ba su da tsada. In bulok ɗin bai tsage ba, sake masa ringi da metal da gasket yakan fi dashen baƙon inji sauƙi. A sa masa wutar lantarki ta zamani a madadin kwantak, rabin rigimarsa ta tafi. Canjin inji ya dace ne in na asali ya ɓace ko ya fashe.

| Ma'auni | A bar ta a dama | A mayar hagu | A sayi 'yar hagu | Juyi da canjin inji |
|---|---|---|---|---|
| Doka | Ba ta hawa titi | Tana hawa bayan dubawa | Tana hawa in takardu sun cika | Tana hawa bayan gyara takardu |
| Kuɗin farko | Mafi sauƙi | Mai yawa | Ya danganta da lafiyar motar | Mafi yawa |
| Kuɗin kullum | Kaɗan | Mai yawa, saboda fetur | Mai yawa, saboda fetur | Matsakaici |
| Kayan gyara | Na inji da sauƙi, na sitiyari da wuya | Da sauƙi, ta oda | Da sauƙi, ta oda | Na inji a gari, na bodi ta oda |
| Juriya ga zafi | Ba a gwada ta sosai | Sai an gyara lagireto da bututun mai | Haka nan | Ta fi sauran |
| Haɗari | Babu a gida, babba a titi | Ya rataya ga ingancin aiki | Mafi ƙanƙanta | Ya rataya ga ingancin aiki biyu |
| Daraja | Mafi girma | Ta ragu | Daidai kasuwa | Mafi ƙanƙanta |

Wanne ya dace da wa

In motar gado ce, 'yar dama ta asali, da takardunta, kuma abin da kake so shi ne jikoki su ga abin da kakansu ya hau, bar ta yadda take. Gina mata rumfa mai rufi biyu, ɗaga ta a kan katako in za ta daɗe, sa maganin ɓera, ka ware mata safiyar Asabar.

In burinka ka tuƙa ta zuwa Idi ko ɗaurin aure a Bodinga, kuma kana da kuɗin yin aikin da kayan asali da haƙurin jiran oda, juya ta, ka haɗa da birki mai layi biyu a lokaci guda tunda an riga an buɗe wurin. In kuɗin bai kai ba tukuna, jira ya fi rabin aiki. Wanda kuma ya leƙa ya ga sarƙa ko faci, wato an taɓa juya ta daga hagu, ba shi da asalin da zai yi wa kuka, ya mayar da ita inda ta fito.

In ba ka da wata alaƙa da motar, tallarta kawai aka kawo maka, kada ka sayi 'yar dama don hawa. Nemi 'yar hagu mai cikakkun takardu. Mai son ya riƙa fita da ita kullum, ko ya sa ta hayar biki inda mutuwa a hanya abin kunya ne, shi ne kaɗai zan ce ya duba maganar canjin inji, kuma ya fi kyau ya yi shi a kan motar da injinta ya riga ya mutu.

Abokina ya duba farantin tasa ya ga Oshawa, babu faci, babu sarƙa. Ya bar sitiyarin inda yake, ya gyara birki da lagireto, yanzu kuma yana cigiyar 'yar hagu da zai riƙa fita da ita. Yayarsa ce ta yanke maganar, ranar da ta ga an wanke motar ta ce masa, "Ƙanena, a wancan gefen Baba yake zama."